Ƙashin Bayan Guntu

Da hannunta ta yi wa Guntu allurar mutuwa, kuma tun ranar Baba bai ƙara ce mata Auta ba.

Guntu karen Baba ne, shi ke yi masa jagora tun da idonsa ya rufe. Ɗan ɗingishi ya fara, ta kai shi asibitin dabbobi inda take aiki. Oga, babban likitan wurin, ya duba hoton ƙashin bayansa, ya nuna wata gaɓa da ta fi sauran duhu. "Ƙashi ya ruɓe. Ki hutar da shi." Sabuwar likita ce, ba ta yi musu ba.

Bana Oga ya fara bincike a kan lafiyayyun karnuka. Ita ke kwantar da su a na'ura, tana auna taurin kowace gaɓa. Sai ga duhun nan a bayan wannan, ga shi a bayan wancan, duk masu gudu da tsalle. Ashe haka aka halicce su, wata gaɓar ta fi wata tauri.

Ran da Oga zai yi wa ɗalibai bayani, ta goge sunan da ke kan tsohon hoton Guntu, ta cusa shi cikin sababbi. Ta lallaɓo Baba, ta zaunar da shi a kujerar baya.

"Likita, tsoho kuma? Mu karnuka muke dubawa," in ji Oga. Ɗalibai suka kwashe da dariya.

"Sauraro ya zo yi, ranka ya daɗe."

Hoton ya fito a bango. Oga ya ɗora sanda a kan gaɓar.

"Kun ga duhun nan? Jahili kaɗai zai kira shi cuta. Wannan kare garau yake."

"Ka tabbata, Oga?"

"Ni kike tambaya?"

"Hoton Guntu ne."

Ta san aikinta a nan ya ƙare, ko a jikinta.

Baba ya miƙe. "Malam likita, kunnena ya yi nauyi. Maimaita."

Oga bai maimaita ba. Baba kuma bai zauna ba, sai da ɗalibai suka sulale ɗaya-ɗaya.

A bakin ƙofa ya lalubo kafaɗarta, ya damƙe.

"Shi ya faɗa, amma ke kika soka allurar, Auta. Daga yau ke ce jagorata. Wuce mu je."