Filomina Ta Tare a Ɗakin Wani

Tun kafin mai a-kori-kura ya kashe mota Filomina ta diro, jaririyarta Lea goye a baya, tana nuna gida mai koren ƙyaure tana dariya. Haka mijinta Yosiya ya kwatanta mata. Shi a Abuja yake aiki, hayar can ta fi ƙarfinsa, sai ya kama musu ciki da falo a Angwan Lambu cikin Keffi, ya ce ta taso daga ƙauyensu na bayan Garaku ta jira shi a waje har ya dawo. Abin da bawan Allah ya manta bai faɗa ba, gidaje biyu ne masu koren ƙyaure a layin, kuma mai su ɗaya.

Hajiya Mu'mina, yayar mai gidan, ita ke riƙe da makullai, an kuma gaya mata yau sabon ɗan haya zai tare. Ta ga katifa, ta ga turmi, ba ta tambayi komai ba ta miƙa makulli.

Filomina fa kwana ta yi tana kuka kafin tasowa. An ce mata mutanen birni ko gaisuwa ba sa amsawa, ga miji mai fita da asuba ya dawo bayan magariba. Da wa za ta yi magana, da bango? Sai ga ta a tsakar gida cike da mata, mai wanki, mai tsinken alayyafo, kowa bakinta na motsi. Ta ajiye buhun doya ta hau rabo. Ta buɗe famfo ta rufe, ta sake buɗewa, tana ta ƙyalƙyala. Kafin azahar an goge ɗaki, an kafa gado, an rataye labule, ta san wadda mijinta ke tsoron ɓera da wadda ke shafa man bilicin a ɓoye. Ita ma ba ta yi rowa ba, ta zazzage nata. Anita mai ɗinki ta zaunar da ita ta fara mata kitso.

Kitso ya kai rabi wani siririn mutum mai tabarau ya yi sallama, kwalin littattafai a hannu. Malam Shamsuddeen ne, sabon malami a jami'a. Ya dubi ƙofar da aka kwatanta masa, ya dubi wandunan jariri a igiya, ya tambaya a hankali ko wannan ba ɗakin da ya kama ba ne.

Aka kira Yosiya. Ya ce na ƙarshen layi yake nufi.

Filomina ta je ta leƙa da rabin kai a tsefe. Gida sabo fil, ɗakuna iri ɗaya da na can, amma ba wanda ya tare tukuna. Ƙadangaru ne kawai ke ɗaga kai. Ta dawo ta zauna a kan turmi, dariya ta ɗauke.

Hajiya ta dube ta, ta gyara mayafi, ta ce Malam ya zo ta zaga da shi. Ta nuna masa injin niƙa, ta ce da an idar da sallar asuba ake tayar da shi. Ta ce Anita 'yar mawaƙan coci ce, a nan ƙawayenta ke gwaji. Yara kuma, ta ce, suna son takarda, musamman yagawa. Sannan ta kai shi ɗaya gidan. Malam ya tsaya yana sauraren shirun, ya tambaya ko da gaske babu kowa. Da kansa ya roƙi a yi musanya.

Saura Yosiya. A waya ya ce sam, da gangan ya zaɓi can, ya san matarsa, in ta samu mata ba abin da zai kwana a cikinta.

"Baban Lea, ni fa na riga na kafa gado," in ji Filomina.

Hajiya ta karɓi wayar. "Ɗana, kai da za ka wuni a Abuja, ina ruwanka da shiru? Ka taho, tuwo na kan wuta."

Bayan magariba Yosiya ya yi sallama da jakarsa a kafaɗa. Matan da bai taɓa gani ba suka tarbe shi da suna. Anita ta tambaye shi jikin, wai ya basir ɗin. Hajiya ta miƙo masa ƙullin garin magani, ta ce na minshari ne, a kunu ake sha.

Yosiya ya dubi Filomina. Ita tana can tana juye masa ruwan wanka, kitso ya kammala, sai sheƙi take. Ya karɓi ƙullin da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambaya wace ƙofa ce tasu.