Leɓen Magini

Hannunta ya kai goshin majinyacin kafin ta ankara, ta janye shi kamar ta taɓa garwashi. Sabo ne. Shekara da shekaru Likitar Barci, kamar yadda 'yan ɗakin tiyata ke kiranta, tana tanƙwara wuya baya, ta leƙa maƙogwaro, ta zura bututun numfashi. Yau babu wannan. Magini ne ya faɗo daga bene, ƙashin wuyansa ya tsage, kuma likitan laka ya gaya mata ƙiri-ƙiri cewa in wuyan ya goce ko kaɗan, mutumin ya gama taka ƙasa.

Ɗazu a bakin ƙofa matar maginin ta riƙe mata riga, ta nuna yatsun ƙafarsa suna motsi. Haka ya shiga, in ji ta, haka take so ya fito.

Nas ya dafe kan da hannu bibbiyu. Likitar ta ɗauki na'urar, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kyamara a baki da ke nuna cikin maƙogwaro a kan allo, wanda ta sha yi wa ba'a tana ce masa talabijin. Ta zura shi, ta tilasta wa idonta barin bakin ya koma kan allo. Ba komai sai yawu da hazo. Injin da ke auna numfashi ya fara kuka, iskar jikin maginin na raguwa. Tsoro ya kama ta sosai, hannun hagunta na ƙaiƙayin ya ɗaga haɓar nan a huta.

"Kar ka motsa," ta ce wa nas, alhali da kanta take.

Ta zuƙe yawun, ta ƙara tura ƙarfen kaɗan. Ƙofar maƙogwaro ta bayyana, bututun ya shige. Sai da ta sunkuyo ta ga jini: garin kallon allo ta datse masa leɓe tsakanin ƙarfen da haƙorinsa.

Bayan la'asar, an gama tiyata, maginin ya farka. Matar ta durƙusa wa likitan laka tana hawaye, godiya kamar ba za ta ƙare ba. Sannan ta juyo kan Likitar Barci, fuska a murtuke.

"Baiwar Allah, ke ce kika fasa masa baki? Ba kya kallon abin da kike yi ne?"

"Ni ce, Yaya. A yi haƙuri."

Ba matar take kallo ba. A ƙarshen gado, babban yatsan ƙafar maginin na ture zanen da aka lulluɓe shi da shi.