Bututun Motar Abdulbaqi

Abdulbaqi yana tsaye a harabar gidansa na Nassarawa GRA, yana goge ɗigon ruwan sama daga baƙin bututun da ke maƙale a gefen jif ɗinsa, sai ga yayarsa Hasiya ta faɗo gidan, mayafinta sharkaf.

"Ajiye tsumman nan. Ruwa ya ci layin tsohon gidanmu, ya shiga ɗakin Uwa har ya kama ƙafar gado."

Uwa ita ce mahaifiyarsu. Tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta iya takawa, kuma tana nan a tsohon gidansu na Gawuna. Ta ce ba za ta koma GRA ba, shi ma bai wahalar da bakinsa wajen lallashi ba.

"Ba a samu mai adaidaita ba ne, Yaya?"

"Wane adaidaita? Duk sun ja sun tsaya a bakin titi. Maƙwabta sun ce za su ɗauko ta a kan ƙyaure, na ce su dakata, ɗanta yana da motar da ke ratsa kogi. Ko ba haka kake cewa ba?"

Haka yake cewa kam. Babu wanda bai haddace karatun bututun nan ba a dangi. Ko suna ko ta'aziyya, sai ya tara mutane a jikin motar ya fara: inji numfashi yake kamar mutum, hancinsa yana can ƙasa kusa da taya, da ya shaƙi ruwa ko taɓo shi ke nan an gama da shi. Wannan bututun shi ke ɗauke hancin ya kai shi saitin rufi. Motar da ake wa wannan kirari kuwa, daga gida sai ofis sai masallacin Juma'a. Ko kwatami ta gani kauce masa take yi.

Abin da ba ya faɗa shi ne, ranar da aka kawo bututun, bakanike ya ce sai an huda gefen motar kafin a haɗa shi da inji. Abdulbaqi ya dubi fentin nan mai sheƙi, ransa ya ƙi. Ya ce a manna da gam kawai, wa zai leƙa ciki? Aka manna. Hancin inji yana nan ƙasa inda yake tun fil'azal.

Suka shiga motar. Duk tsawon hanya yana da damar faɗa wa Hasiya gaskiya. Har suka wuce Tudun Wada sai ƙara sanyin mota yake yi, gumi na karyo masa.

A bakin layin ya taka burki. Ruwa ne ja jawur, yana tafe da ledoji da takalma, ya kai wa manyan maza ƙugu. Samarin unguwa suka hango shi suka ɗau ihu.

"Ga mai bututu nan! Ku ba Alhaji hanya!"

"Me ka tsaya yi?" in ji Hasiya.

Magana ɗaya ce da zai yi: Yaya, na ado ne. Ya dubi wayoyin da aka ɗaga ana ɗaukarsa, ya dubi samarin da ke tafi. Sai bawan Allah ya gyara hula, ya ba motar wuta.

Ta yi tafiya kaɗan, ruwa na tsagewa gefe da gefe, har ya fara murmushi. Sai ta yi tari, ta sake yi, wani abu ya buga a cikinta kamar an jefa taɓarya a turmi. Ta mutu a daidai inda layin ya fi matsewa, ta toshe shi.

Hasiya ta tattare mayafinta. Ta fita ta taga, ta kutsa cikin ruwan tana kiran Malam Garba maƙwabcinsu. Can suka fito, maza sun ɗaga ƙyaure bisa kawunansu, Uwa na kwance a kai. Jiran mota ya sa ruwan ya haye katifa, zanenta ya jiƙe har ƙirji, jikinta sai kyarma yake. Da suka iso motar sai da suka karkata ƙyauren suna goga bango, tsohuwar ta kusa zamewa.

"Alhaji, kama mana nan!" Malam Garba ya daka masa tsawa.

Abdulbaqi ya zuro jiki ta taga, ya damƙi bututun don ya dogara. Abin ya ɓalle ya biyo hannunsa gaba ɗaya.

Inda bututun ya tashi babu rami, babu ko tabo, sai fenti sumul da sawun gam.

Uwa ta juyo da idonta mai lafiya ta dube shi, aka wuce da ita.

Hasiya ta tsaya a baya. Ta sa tafin hannu ta shafa wurin a hankali.

"Alhamdulillahi," ta ce. "Fentinka dai bai ƙwarzane ba."

Ta ɗaga murya ta ce wa masu ƙyaure su nufi gidanta da Uwa. Shi kuma yana nan rabi a mota rabi a waje, rungume da bututun, yana neman inda zai ajiye shi kada ya jiƙe.