Tsayuwar Maigida Ranar Waliyyi Nikola

Tun kaka da kakanni, a gidan Jevtić maigida ba ya zama ranar slava, bikin waliyyin gida. Kakan Milutin ya tsaya da harsashi a cinyarsa. Ubansa ya tsaya har shekarar da ya rasu. Bana kyandir ɗin Waliyyi Nikola ya faɗo hannun Milutin, tsayuwar kuma ta zama tasa, daga yanka burodi har fitar baƙo na ƙarshe.

Yana yaro sankarar jini ta kwantar da shi. Likitocin Belgrade suka kore ta, amma ta bar masa wata gajiya wadda barci ba ya wankewa. Mutanen ƙauye kuwa ƙato suke gani mai jan kumatu, don haka suka sa wa abin suna lalaci.

Fada, limamin coci, ya yanka burodi, ya zuba masa ruwan inabi, ya tafi. Baƙi suka cika ɗaki, ga kifi, ga wake, ga dafaffiyar alkama. Milutin yana zagayawa da kwalbar rakija, barasar ƙasarsu.

"Kai maigida!" in ji Baffa Radoje, ƙanen ubansa. "Kofina ya bushe har gizo-gizo ya fara saƙa a ciki!"

Da rana ta take, muryoyi suka fara zo masa kamar daga ƙarƙashin ruwa. Harshen kyandir ya miƙe, ya sirance, ya koma igiyar ƙarin ruwa. Ƙanƙarar da ke sauka a bayan taga ita ce dai wadda ya taɓa kallo daga wani farin gado. Ƙamshin turare ya rikiɗe ya zama warin magani.

Matarsa Smilja ta raɗa masa, "Shiga kicin ka ɗan zauna, ba mai gani."

"Waliyyi zai gani."

"Waliyyin nan tsoho ne, ya san ciwon ƙafa."

Bai tafi ba. Can ya yi tangaɗi, ya dafa kujerar ubansa wadda aka bari ba kowa a kanta.

Baffa Radoje ya miƙe, ya jawo kujerar. "Zauna, ɗana."

"Baffa, ba a taɓa yi ba."

"In ji wa? Shekarar da kake asibiti, can ubanka ya kai burodin. Ka ɗare cinyarsa, ka ƙi sauka. A zaune ya yi slavarsa yini guda, ni nake bin masu jinya da alkama a cokali. Kyandir ma ba su bari mun kunna ba. To, waliyyi ya yi fushi? Ga ka nan, ƙato, kana hana ni sha."

Milutin ya lumshe ido. Ashe ba mafarki ba ne: kaushin rigar ulu a kumatunsa, da wani bugu a hankali a ƙarƙashinta, wanda ya daɗe yana ji a barci bai san na wane ne ba.

Ya zauna. Kujerar ta karɓe shi da ɗan kuka irin na tsohon katako.

"Miƙo kwalbar," in ji Baffa Radoje. "Yau ta zo hannun wanda ya san darajarta."