Kujerar Fasinja

"Mama, ki ɗan taka mana. Har tarakta ta wuce mu," in ji Aurélien.

Maryse ko kallonsa ba ta yi ba. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu, tana lallaɓa tsohuwar motarta a hanyar filin tsere na Nogaro kamar mai ɗauke da ƙwai.

"Wanda ya faɗi jarrabawar tuƙi har sau biyu ne zai koya mini tuƙi?"

Gaskiya ta faɗa. Ɗan nata da tseren mota yake ci yake sha, kofuna sun cika falo, amma lasisin hawa titi ya gagare shi. Karon farko ya taka birki da ƙafar hagu, yadda ya saba a fili, mai jarrabawar ta kusa sumbatar gilashi. Karo na biyu ya yanke kwana ta hannun da ba nasa ba. Shekaranjiya ya yi na uku, yau sakamako zai shigo waya.

Tun yana ƙarami ita ke kai shi kowane tsere. Kallon ne ba ta iyawa. A mota take zama, ta ƙure rediyo har a gama. Hanyar nan ita kaɗai ce rabonta da shi, kuma tana tsoron rasa ta.

"In ka ci, na yi ritaya," ta ce. "Na huta da warin safarka. Ranar Lahadi in sha barcina." Ta yi dariya, amma dariyar ba ta je ko'ina ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, daɗi ya kama shi.

"Mama, na ci."

"To, madalla, ɗana."

Ta gangara gefen wata gonar inabi, ta kashe mota, ta miƙa masa makulli. Idonta na kan titi.

Aurélien ya daɗe yana jujjuya makullin a hannunsa, abin da ya yi shekaru yana mafarki. Sai ya mayar da shi a raminsa, ya kwantar da kujera, ya miƙe ƙafafu.

"Tashi mana, malam mai lasisi."

"A fili nake tuƙi, Mama. Nan kuma ina da direba."

"Ragon banza," ta ce, tana share ido da bayan hannu.

Ta tayar da mota. Wata tarakta ta taho a bayansu, Maryse ta jira ta wuce tukuna.