Ranar da Na Dafa Tsirkiyoyin Kalaba

A shekarar 1975 mu biyu ne masu kaɗa jitar bas a unguwar Wusakile, ni da Kalaba, kuma ba mu taɓa yarda da juna a kan waƙa ko ɗaya ba. Ni Lombe, mai gyaran lantarki a mahaƙar tagulla, irin kiɗan rok da nake so shi ne wanda waƙa ɗaya za ta cinye gefen faifai guda. Ta fara a hankali, ta sauya taku sau biyar, mai bas ya hau ya sauka har sai ka rasa inda ya dosa. Kalaba kuwa, mai fasa dutse can ƙarƙashin ƙasa, nasa rok ɗin na gargajiya ne: minti uku, dum-dum-dum, a gama a tashi.

Duk Lahadi bayan coci sai ya zo barandata da faifansa a hammata, mu ɗora garmaho, mu ɗora musu.

"Waƙoƙin nan naku, mune," in ji shi (mune a yarenmu shi ne aboki), "mutum zai ɗora tuwon nshima, ya tuƙa, ya ci, ya wanke hannu, mawaƙin ko baki bai buɗe ba."

"Naku fa? Tsirkiya huɗu aka sa wa jitar nan, kai ɗaya kake taɓawa. Ka mayar musu da ukun mana!"

Haka muke har rana ta yi sanyi, matata Bana Chomba, wato Maman Chomba, ta kore mu.

To, a lokacin tsirkiya sabuwa ta gagari kowa. Kaya ba sa shigowa ƙasar, ko birnin Ndola ka je sai dai ka dawo da ƙura. Sai muka koyi dabara: ka kwance tsoffin, ka naɗe su, ka jefa a tukunya su tafasa minti goma sha biyar. Gumi da maiƙon hannu su fita, murya ta dawo tas kamar sabuwa. Ni duk wata nake dafa nawa, don ina son kowace tsirkiya ta yi ƙara rangaɗau. Kalaba shekara bakwai bai kwance nasa ba. In na yi masa magana sai ya ce, "Daɗin yana cikin dauɗar." Ni kuma na ɗauka ƙiwa ce kawai ya yi mata ado.

Ana nan sai ƙungiyar kiɗan su Kalaba ta samu abin da kowa ke mafarki. An ba su situdiyo ranar Asabar, daga ƙarfe biyu zuwa biyar, su ɗauki faifai, waƙa ɗaya a kowane gefe. Sa'a uku, babu ƙari, babu gobe. Kalaba yana da shekara talatin da huɗu, ya gama kaɗa wa mashaya da bukukuwan aure, bai taɓa jin kansa a faifai ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya ɗan sosa mini rai. Amma na yi masa murna, Allah ya sani.

Ranar Juma'a da safe, kafin ya sauka rami, ya kawo mini jitar. Ramin da ake cusa waya ne yake ƙarar-ƙarar.

"Nan kawai za ka duba," ya ce. "Nan kawai."

Minti goma na gama. Sai idona ya faɗa kan tsirkiyoyin. Kai! Baƙi ƙirin, sun yi danƙo, har wani kore-kore a ƙasansu. Na ce a raina, abokina zai shiga situdiyo da wannan ƙazanta? Ina! Bari in yi masa abin arziki.

Bana Chomba ta same ni a kicin ina zura su cikin ruwa.

"Bashi Chomba, tukunyar wakena ce fa." Haka take kirana, wato Baban Chomba.

"Zan wanke."

"Shi ya ce ka dafa?"

"Mace, me kika sani a kan kiɗa?"

"Ban san kiɗa ba," ta ce, "amma na san Kalaba." Ta ɗauki tsintsiyarta ta fita.

Ruwan ya koma kamar baƙin shayi. Na tsame su, na shanya a rana, na goge, na mayar. Suna ƙyalli har ina ganin haƙorana a jiki. Na jingine jitar a bango na zauna ina jiran godiya.

Ƙarfe huɗu ya taso daga aiki. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon jitar. Ya ɗauka, ya sa yatsa ya ja babbar tsirkiyar. Ƙwal! Kamar an jefa dutse a kan kwanon rufi. Ya sake ja. Ƙwal!

"Ba Lombe," ya ce a hankali.

Wannan kiran girmamawa ne, irin wanda ake yi wa baƙo. Tun muna firamare bai taɓa ce mini Ba Lombe ba. Mune yake cewa, ko ya kira ni da sunan wata dabba.

"Ba Lombe, ina muryata?"

"Ai wankewa na yi, yanzu za a ji ka sosai—"

"Ina ruwan da ka dafa su?"

"Na zubar a gindin gwanda."

Ya fita ya je ya tsaya a gaban gwandar, ya daɗe yana kallon ƙasa. Bana Chomba ta leƙo ta taga, ta dube ni, ta ja labule. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar tun da safe muka shiga neman dauɗa. Mun shafa kitsen kaza. Mun shafa man da aka soya ƙananan kifin kapenta. Mun je garejin unguwar Chamboli muka roƙi makanikai shida kowa ya murza da hannunsa, suna ta dariya suna cewa su dai ba a taɓa ɗaukarsu aikin ɓata abu ba. Jitar ta koma tana wari kamar bayan kasuwar kifi, amma muryar tana nan, ƙwal-ƙwal. Duk tsawon wannan yawo Kalaba bai ce mini komai ba, sai "riƙe" da "kawo".

Na bi su situdiyo ba tare da an gayyace ni ba. Na raɓe a kusurwa.

Gwajin farko bai kai rabi ba injiniyan, wani dattijo Ba Zimba, ya ɗaga hannu ta bayan gilashi. Duk motsin yatsan Kalaba ana ji, ƙiii, ƙiii, bas ɗin ya hau kan mawaƙi ya danne. Aka sake, haka. Sinkala, mawaƙinsu, ya fara duban agogon bango yana duban Kalaba. Ba Zimba ya kawo soso aka cusa ƙarƙashin tsirkiyoyin. Ƙarar ta mutu, amma ta tafi da komai, duk bugun da Kalaba ya so ya ja shi da tsawo sai ya faɗi nan take. Ƙarfe huɗu saura kwata, ba su da ko waƙa ɗaya. Na ga gumi na ɗiga daga haɓar Kalaba, na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige.

Sai ya zare soson ya jefar.

"Soso ba shi da kunne," ya ce. "Kai, mai dafa abinci. Zo nan. Durƙusa."

Na durƙusa a gabansa, a gaban kowa, da wandona na zuwa coci. Ya kama hannuna ya ɗora gefen tafina a gindin tsirkiyoyin.

"In bugun gajere ne ka danne. In dogo ne ka sassauta."

Na ce a raina ai wannan wasa ne. Waƙar da na ji sau ɗari? Bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa. Mai ganga ya ƙirga, muka shiga, ban kai layi na biyu ba na kwaɓa. Na danne inda ya so ya ja, na saki inda ya so ya yanke.

Kalaba ya tsaya. Ya sunkuyo har ina jin numfashinsa.

"Shekara bakwai kana jina," ya ce, "ba ka taɓa saurara ba. Yau dai ka daure."

Wallahi maganar ta shige ni. Na rufe ido. Na daina ƙirga taku, na daina tunanin abin da ni zan kaɗa da jitar a hannuna take. Mai ganga ya sake ƙirgawa.

Ashe ba bugu ɗaya ba ne. A tafin hannuna na ji shi. Wani ya zo da nauyi, wani ya zo a sace, wani Kalaba ya riƙe shi ɗan kaɗan a bayan ganga har sai ƙirjinka ya nemi ya iso, sannan ya sake shi. In Sinkala zai ja numfashi, sai bas ɗin ya cike gurbin. In ya buɗe murya, sai ya ja baya ya ba shi hanya. Hannuna ya fara sanin abin da ke zuwa kafin ya zo. Na danne, na sassauta, na danne. Jitar tana girgiza mini ƙashin hannu har kafaɗa, gwiwoyina suna zafi a kan siminti, ni kuwa ban so a gama ba.

Bugun ƙarshe ya mutu. Ba Zimba ya cire abin kunnensa, ya ɗaga babban yatsa. Sinkala ya daka tsalle ya rungume mai ganga, saura kaɗan su kifar da kayan.

Ni ina durƙushe na kasa tashi. Na ɗaga kai na dube shi.

"Kalaba, ashe haka kake kaɗawa?"

"Tun yaushe," ya ce. Ya sa hannu ya goge goshinsa, bakinsa na ƙoƙarin ɓoye murmushi. "Jaki kawai."

Na ji sanyi a raina, don na san an yafe mini. Na dafa ƙasa zan miƙe, sai ya danna kafaɗata.

"Ina za ka, mune? Saura gefe na biyu."

Ƙarfe huɗu da minti ashirin. Na gyara durƙuso, na shafa tafina a wando, na mayar da shi kan tsirkiyoyin tun kafin ya ce in mayar.