Kason Gidan Tioni

Kwana shida da saukar Peato a tsibirinsu, kwana shida ana kashe shi da karramawa. In zai zauna a shimfiɗa masa sabuwar tabarma, in ya yi tari a fasa masa kwakwa. Kullum da rana sai ga faranti a rufe da tsokar kifi mafi daɗi, irin wadda ake kai wa fasto da likitan da jirgi ke kawowa. Abin nan kuwa yana ci masa rai, don a nan aka yanke masa cibiya. Shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a Niyu Zilan, ai ba ta mai da shi Bature ba.

Shi inati yake so, wato rabon kifin gayya. Duk ranar da maza suka fita kamun gayya, a fili ake zube kifin, tsoho Teaku mai rabo ya kasa shi kashi-kashi, ya kira gida-gida, da jariri da tsohuwa kowa da kasonsa. Sau biyu ana rabo tun zuwansa, sau biyu yana tsaye ya baza kunnuwa, ba a ambaci gidan mahaifinsa Tioni ba. Gidan da ba kowa ba a kiransa.

Ya kai kuka wurin gwaggonsa Hehilia, ya same ta tana saƙar tabarma.

"Gwaggo, wai ni baƙo ne a garin ubana?"

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Ɗan gari ƙarnin kifi yake, ɗana. Kai kuwa tun daga ƙofa nake jin turarenka."

Washegari da asuba sai ga shi a bakin ruwa inda maza ke tura kwalekwale, ya ɗaura tsohon zane a ƙugu. Luhiano ɗan Hehilia, taubashinsa, wanda duk tsibirin ba mai riƙe sandar fatsa kamarsa, ya gan shi ya kwashe da dariya.

"A'a, direba! Ina zuwa? Wannan motar ba ta da burki fa."

"Matsa min, sarkin surutu. Ubana ne ya koya maka ɗaurin fatsa."

"Ubanka dai. Kai me ka koya, ban da hon?" Ya miƙa masa ƙoƙon kwashe ruwa. "Zauna nan, in za ka yi amai ka juya baya."

Ya kuwa yi, har sau uku. Suna tsallake shingen duwatsun da ya kewaye tsibirin, teku ta fara jijjiga shi kamar gyaɗa a faifai. Ga rana, ga gishiri a ido, ga 'yan kwalekwale suna tambayarsa ko a tsaya ya sauke fasinja. Ya cije, ya ci gaba da kwasar ruwa.

Can sai tsuntsaye suka yi baƙi a gabas, suna faɗawa ruwa. Garken kifin atu ne a ƙarƙashinsu. Nan take wasa ya ƙare. Luhiano ya miƙe a bayan kwalekwale, ya saki fatsa, ya shiga fizgo kifi ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya taso ta iska ya faɗo ciki tim. Kamun atu doka ɗaya gare shi, kuma yaron goye ma ya san ta: kifin da ya ciji fatsa kada ya koma ruwa. In ya suɓuce zai nutsa, garken duka ya bi shi, kwalekwale bakwai su koma gida hannu rabbana, kai kuma sunanka ya shiga bakin mata har jikokinka.

To, gwani ma yana da ranarsa. Wani ƙato ya kuɓuce daga fatsar Luhiano tun yana sama, ya bugi gefen kwalekwale, kansa ya riga ya leƙa ruwa. Peato bai yi shawara da kowa ba. Ya yar da ƙoƙo ya faɗa kansa da ƙirji, rabin jikinsa a waje, ya rungume shi gam. Kifi yana dukansa da wutsiya, ƙayar bayansa tana tsaga masa fata, shi kuwa ya ƙi saki har aka jawo su tare ta ƙafa. Garke bai watse ba. Sai da kwalekwale suka cika maƙil aka juyo.

Da la'asar gari ya hallara a fili. Teaku ya sunkuya yana kasawa, sai Luhiano ya fito tsakiya. Mutum ne mai ji da kansa, maganar ta yi masa nauyi, amma ya faɗa.

"Baba, yau kifi ya suɓuce min. Ni, Luhiano. Da ba don ɗan kawuna ba, da iska za ku raba."

Teaku ya dubi ƙirjin Peato mai sawun jini, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ciro rabin kifi daga tari, ɓangaren wutsiya ma, ya ajiye shi can ƙarshen layi. Ya fara kira, gidaje suna amsawa suna ɗauka. Da ya kai ƙarshe ya gyara murya.

"Gidan Tioni! Mutum ɗaya!"

"Ga mu!" in ji Peato, da wata murya da ta sa kaji gudu.

Ya ratsa mutane ya ɗauki rabin kifinsa hannu biyu, hawaye yana zuba, bai ko damu ya share ba. Wallahi tun da yake bai taɓa jin girma irin na ranar ba.

"Kada ka yi nisa," in ji Teaku. "Gobe da sassafe akwai ɗaukar dutse, za a gyara katangar bakin teku. Kowane gida namiji ɗaya."

"Gidan Tioni zai kawo nasa, Baba," in ji Peato.